IDAN MAIGIDA YA CE KI TAHO AMURKA: SHIRIN GANAWA DA JAMI'IN BIZA

A yau akwai gidaje da dama a Kano da Zariya da Jos, haka a Yamai da Kumasi, da za ki tarar an ɗaura wa yarinya aure shekara biyu ko uku ke nan, kayan ɗakinta na ajiye a ɗakin mahaifiyarta, ango kuma yana can Amurka, ko a unguwar Buronks ta birnin Niyok, ko a Girinsboro, ko a Hustan. Ita ba budurwa ba, ita ba matar da ta tare ba. Dangi kullum tambayarsu ɗaya ce, wai yaushe ne tafiyar? Duk wannan zaman jiran kuwa yana ƙarewa ne a gaban wata taga ta gilashi, inda wani jami'i zai yi mata tambayoyi na 'yan mintoci, ya yanke hukunci.

Abin da jami'in nan yake son sani bai wuce guda biyu ba. Na farko, shin wannan aure na gaskiya ne, kuma dokar ƙasarsu ta amince da shi? Na biyu, shin abin da bakinki ya faɗa ya yi daidai da abin da takardunki suka ƙunsa? Abin takaicin shi ne yawancin matanmu da kan sha wahala a wannan waje ba maƙaryata ba ne. Aurensu halal ne, shaidu sun shaida, an biya sadaki. Abin da ke kayar da su shi ne al'adunmu da ba su saba da rubutu ba, da kunyar da aka tarbiyyantar da mu a kanta, sai kuma muguwar shawarar masu cewa sun san hanya.

A FARA SANIN HALIN DA ƘOFAR TAKE CIKI

Kafin a kashe ko kwabo, ya kamata uwargida ta san cewa ƙofar nan ana buɗe ta ana rufewa gwargwadon wanda yake kan mulki. A ƙarshen Janairun 2020 Shugaba Donald Trump ya dakatar da bai wa 'yan Nijeriya bizar zama, sai da Joe Biden ya hau a ranar 20 ga Janairun 2021 ya soke wannan umarni. Da Trump ya dawo, a watan Yunin 2025 ya rufe wa ƙasashe 12 ƙofa gaba ɗaya, cikinsu har da Chadi da Sudan, amma ya yi sassauci ga matan 'yan ƙasar Amurka. A ranar 16 ga Disambar 2025 ya sake fitar da wani umarnin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, wanda ya saka Nijar cikin waɗanda aka rufe wa gaba ɗaya, ya saka Nijeriya cikin waɗanda aka rufe wa wani sashe, kuma bizar zama tana cikin sashen da aka rufe. Sassaucin nan na matan aure ma ya cire shi. Daga 21 ga Janairun 2026 kuma ma'aikatar harkokin wajensu ta dakatar da bayar da bizar zama ga 'yan ƙasashe 75, har da Nijeriya da Gana da Kamaru, tare da cewa za a ci gaba da karɓar takardu da yin ganawa.

To me ya sa za mu ɓata tawada a kan shiri? Domin wadda aka rufe wa ƙofa a 2020 aka buɗe a 2021, idan takardunta a kammale suke, ita ce a gaban layi. Fayil ba ya son a manta da shi, idan ya shekara ba a tuntuɓi ofishin da ke riƙe da shi ba, doka ta ba su damar rufe shi. Sa'annan lokacin da ƙofa take rufe shi ne kakar 'yan damfara. Don haka maigida ya riƙa duba shafin ofishin jakadancin da kansa, ya san abin da ake ciki a ranar da zai biya kuɗi. Kada kuma wani ya ruɗe ku da cewa ku tsallaka wata ƙasa ku yi ganawar a can. Umarnin yana bin fasfon da kike riƙe da shi ne, kuma tun daga Nuwambar 2025 ƙa'idar ita ce mai neman bizar zama ya yi ganawarsa a ƙasar da yake zaune ko ƙasarsa ta asali.

Hanyar da takardun ke bi a taƙaice ita ce: maigida zai cike fom mai lamba I-130 ya miƙa wa hukumar shige da fice ta ƙasarsu, wato USCIS. Tun Afrilun 2024 kuɗinsa dala 675 ne a takarda, 625 ta intanet. Idan sun amince, sai fayil ya koma cibiyar biza ta ƙasa da ake kira NVC, inda za a biya dala 325 na bizar da 120 na duba takardar ɗaukar nauyi, ke kuma ki cike fom DS-260. Daga nan sai a sa ranar ganawa. Idan mijinki ɗan ƙasa ne, bizarki CR1 ce ko IR1, ba ta jiran gurbi. Idan kuwa katin zama kawai yake da shi, wato girin kad, kina rukunin F2A ne, wanda ke da adadi a shekara, wani lokacin sai an jira layi. A Nijeriya ƙaramin ofishin jakadancin da ke Legas ne yake wannan aiki, ba babban ofishin Abuja ba.

AUREN DA DOKARSU TA SANI

Nan ne ya kamata mu daɗe, domin nan ne kura take. A ƙa'ida Amurka tana amincewa da auren da ya inganta a dokar wurin da aka ɗaura shi, kuma auren Musulunci yana ciki. Sai dai akwai wurare da suka togace, kuma kusan dukkansu sun shafe mu.

Na farko shi ne wakilci. Kowa ya san yadda muke ɗaura aure. Waliyyin amarya da wakilin ango ne suke zama a masallaci ko ƙofar gida, amarya tana cikin ɗaki, ango kuwa sau da yawa yana can ƙasar waje, ta waya ake yi masa Allah ya sanya alheri. A shari'a wannan aure babu abin da ya same shi. Amma dokar shige da ficensu ta ce auren da aka ɗaura ba tare da ma'auratan suna wuri ɗaya ba, ba a lissafa shi har sai sun sadu a matsayin mata da miji bayan ɗaurin auren. Ki lura da kalmar bayan. Zuwan da ya yi lokacin neman aure ko baiko ba ya shiga lissafi. Don haka idan an ɗaura yana can, wajibi ne ya zo gida ku tare kafin ya cike I-130, kuma a adana shaidar zuwan: tikitin jirgi, hatimin shiga da fita a fasfonsa, hotunan walima, rasit ɗin masauki in a otal kuka sauka. Mazaje da yawa sukan ce bari su fara tura takardu domin a rage lokaci, su zo daga baya. Wannan gaggawar ce ke jawo a ƙi fom ɗin, a sake sabon lale da sabon kuɗi.

Na biyu shi ne kishiya. Addininmu ya halatta wa namiji mata huɗu, dokar Amurka kuwa mace ɗaya ta sani, wato ta farko, matuƙar aurenta bai mutu ba. Har a cikin DS-260 akwai tambayar ko za ki shiga ƙasar ne domin zaman aure na mace fiye da ɗaya, kuma wadda ta tabbata haka za ta yi, ba a ba ta biza. Saboda haka idan ke ce ta biyu, kuma uwargida tana nan da aurenta a ranar da aka ɗaura naki, to a wurinsu ke ba matarsa ba ce, ko da 'ya'ya biyar kuka haifa. Haka idan ya taɓa auren wata a can, Baturiya ko baƙar fata, dole takardar kotun da ta raba su ta riga ranar ɗaurin aurenki. Rabuwar baki, ko cewa ai ta bar gidan tun bara, ba ta wadatar. Wadda ta sami kanta a wannan hali, lauya mai lasisi a can ya kamata maigida ya nema, ba mai shagon kwamfuta ba.

A nan ina da magana da mu mata. Ana samun inda ake cewa a rubuta wa uwargida takardar sakin bogi domin amarya ta samu wucewa, wai ai saki ne na takarda kawai. 'Yar'uwa, kada ki yarda a gina tafiyarki a kan wannan. Duk wadda ta zauna a aji ta san saki yana cikin abubuwan da ba a wasa da su, kuma malamai sun yi magana mai tsawo a kan sakin da aka rubuta da hannu. Ban da wannan, kin taya an zalunci wata mace da 'ya'yanta, kin kuma rataya wa kanki ƙaryar da za ki yi ta gadinta har ƙarshen zamanki a ƙasar.

Na uku, auren da ya gabata. Idan ke bazawara ce, ko shi ya taɓa aure, ana buƙatar shaidar mutuwar kowane aure ɗaya bayan ɗaya, na ki da na shi. Mu kuwa sakinmu a fallen takardar makaranta ake rubuta shi, a ba yaro ya kai, wani ma da baki ne. Ki je kotun shari'a da shaidunki a tabbatar da sakin da ranarsa, a ba ki takarda mai hatimi. Idan rasuwa ce, a nemo takardar shaidar rasuwa. Ga wani abu kuma da ba kowa ya sani ba: namijin da ya samu girin kad ta hanyar auren wata, doka ba ta barinsa ya nemi wa sabuwar mata biza sai ya shekara biyar da samun katin, sai fa in ya kawo hujja mai ƙarfi cewa auren farkon na gaskiya ne, ko kuwa matar rasuwa ta yi.

Auren zumunci kuma ya danganta da jihar da zaku zauna, domin wasu jihohin sun yarda da auren 'ya'yan wa da ƙani, wasu sun haramta. Idan an tambaye ki ko kuna da dangantaka, ki faɗi gaskiya, amma maigida ya bincika dokar jiharsa tun da wuri. Haka tun 2019 hukumar ta ƙara sa ido a kan auren da ɗaya daga ma'auratan bai kai shekara 18 ba. Ita kuwa takardar auren kanta, ma'aikatar harkokin wajensu tana wallafa jerin takardun da take karɓa daga kowace ƙasa da hukumar da ya kamata ta bayar da su. A bi wannan jerin, kada a bi na ƙawa.

SUNA ƊAYA, RANAR HAIHUWA ƊAYA

Ki ɗauko takardunki duka ki baje a kan tabarma: fasfo, katin NIN, takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, sakamakon jarrabawar sakandare, takardar aure. Ki karanta su harafi bayan harafi. Ba abin mamaki ba ne ki ga a nan ke A'isha ce, can Aishatu, a wata kuma Indo. Mahaifinki a wannan Muhammad, a waccan Mohammed ko Mamman. A makaranta da sunan garinku aka rubuta ki, bayan aure kuma wani ma'aikaci ya liƙa miki sunan miji. Ranar haihuwa kuwa, wadda ba a rage mata shekara biyu domin jarrabawa ba, an ba ta 1 ga Janairu. A wurinmu wannan ba komai ba ne, amma wanda yake zaune a bayan gilashi mata uku yake gani. Abin da za a iya gyarawa a hukumance a gyara shi tun kafin a cike DS-260, sauran sunayen kuma akwai gurbin da aka ware a fom ɗin domin duk wani suna da kika taɓa amfani da shi. Ki rubuta su duka. Tun 2019 kuma fom ɗin yana neman sunayen da kike amfani da su a Facebook da Instagram da makamantansu na shekara biyar da suka wuce, kada ki ɓoye ko ɗaya.

Batun 'ya'ya ma haka. A rubuta duk ɗan da kika haifa, ko zai bi ki ko ba zai bi ki ba, har wanda yake hannun tsohon mijinki. Ɗan riƙo kuwa, ɗan yayarki ko na ƙanin miji da kika raina tun yana jariri, komai ƙaunar da kike masa ba a rubuta shi a matsayin ɗan cikinki. Idan jami'i ya yi shakka zai iya ba da shawarar gwajin jini na DNA, kuma gwajin ba ya jin kunyar kowa. Addini ma bai yarda a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba. Idan mijinki ɗan ƙasa ne, kowane agola sai an cike masa nasa I-130 daban, kuma sai in an ɗaura aurenku kafin yaron ya cika 18. 'Ya'yan da kuka haifa tare bayan ya zama ɗan ƙasa kuwa, mai yiwuwa su 'yan ƙasa ne tun daga haihuwa, fasfo za a nema musu ba biza ba.

KUNYA TANA DA WURINTA

An tarbiyyantar da mu a kan mace ba ta kama sunan mijinta. Shi ne Malam, shi ne Alhaji, shi ne Baban wane, ko kuma kawai "shi". Ɗan fari ma ba a faɗin sunansa. Mace ba ta tambayar miji nawa yake samu, ba ta kallon baƙon namiji ido cikin ido. Duk wannan tarbiyya ce mai kyau a gidajenmu. Amma ki tuna jami'in nan aikinsa shi ne gano auren kwangila, kuma babbar alamar auren kwangila a wurinsa ita ce matar da ba ta san mijinta ba. Ya ce miki mene ne cikakken sunan mijinki, kika sunkuyar da kai kina murmushi kina wasa da bakin hijabi. Ke kunya kike ji, shi kuwa yana ganin kin manta abin da aka haddace miki ne.

A ajinmu na matan aure na taɓa tambayar wata ɗaliba da ke shirin tafiya wace sana'a mijinta yake yi, sai ta ce, "Malama, aiki dai yake yi a can." Shekararsu uku da aure, kullum suna waya. Ba laifinta ba ne ita kaɗai, shi ma bai taɓa ganin dalilin gaya mata ba. To wannan shiri na mutum biyu ne. Ku zauna a waya, ki riƙe biro da littafi, ki tambaye shi: cikakken sunansa kamar yadda yake a fasfo, ranar haihuwarsa, jiha da gari da adireshin gidan, shi kaɗai yake zaune ko da abokai, ɗaki nawa ne, sunan wurin aikinsa da lokacin da yake fita da dawowa. In tasi yake ja, ki ce tasi yake ja, in gadi ne ki ce gadi, ba a hana biza don ƙanƙantar sana'a. Ki san shekarar da ya tafi, da hanyar da ya samu takardun zama, da matan da ya taɓa aura, da 'ya'yansa da sunayensu. Ya kuma turo miki kwafin duk abin da ya cike a kanki, ki karanta ko a karanta miki.

Na san wata za ta ji abin da ba ta so a wannan zama. Gara ki ji shi daga bakin mijinki a ɗakinki, da ki ji shi daga bakin Bature a Legas. Kuma idan ya taɓa rubuta wa hukuma cewa ba shi da aure alhali kina nan da goyo, lallai ya ga lauya kafin ki je, domin amsarki ta gaskiya za ta taɓa takardunsa.

Idan iyaye ne suka haɗa ku, ki ce iyaye ne suka haɗa ku. Auren haɗi ba laifi ba ne a dokarsu matuƙar da yardarki aka yi. Kada ki ƙirƙiro labarin soyayya irin na fim, wai kun haɗu a kanti. Ki tafi da abin da zai nuna zaman yana nan: hotunan biki da na suna inda dangin ɓangarorin biyu suka fito, rasit ɗin kuɗin cefane da yake turowa, kaɗan daga hirarku ta WhatsApp a buga a takarda, tunda ba a shiga da waya. A zaɓi hirar da mutum zai iya nuna wa surukarsa. Ba a yi wa matar aure jarrabawar Turanci a wannan biza, don haka in Turancinki bai nuna ba, a nemi bayanin tsarin tafinta daga ofishin tun kafin ranar, kada ki tsaya kina cewa "yes" ga tambayar da ba ki gane ba.

MASU CEWA SUN SAN HANYA

Kafin a fara tambayoyin za a sa ki ɗaga hannu ki yi alƙawarin faɗin gaskiya, ki kuma dangwala yatsa. Kasancewar wanda ke gabanki ba Musulmi ba ne bai mayar da ƙarya halal ba. Ta fuskar dokarsu kuma, wanda aka kama ya yi ƙarya da gangan a kan abin da ya shafi hukuncin bizar, ko ya kawo takardar jabu, haramcin da ake ɗora masa na har abada ne, yafiyar kuwa da wuya ake samunta. Ki gwada wannan da rashin takarda: wadda takardarta ba ta cika ba, cewa za a yi ta je ta kawo. Wadda ta cike giɓin da ta jabu, ta rufe wa kanta ƙofa da hannunta.

Ejan ɗin da ya ce zai haɗa miki takardar aure mai tsohuwar rana, ko takardar banki, ko ya ce yana da mutum a ciki, kuɗinki kawai yake so, kuma ranar da asiri ya tonu ba sunansa ne a fayil ba. Ko wani ne ya taya ki cike DS-260, ke ce kika sa hannu, don haka a karanta miki kowace amsa kafin a tura. Idan an yi kuskure kuma kin gano, ki faɗa da bakinki tun a farkon ganawar a gyara. Tambayar da ba ki san amsarta ba kuwa, "ban sani ba" amsa ce cikakkiya, ta fi kintace.

LIKITA, HOTO, LALLE DA TAFIYAR LEGAS

Gwajin lafiya sai a wurin likitocin da ofishin ya amince da su, na asibitin unguwa ba ya aiki. Za a ɗauki hoton ƙirji da jini, a duba katin rigakafi, a yi miki allurar da ta rage. Babban abin da suke nema shi ne tarin fuka, kuma idan aka yi zarginsa gwajin majina yakan ci kusan mako takwas, don haka kada a bar shi sai ƙurarren lokaci. Tun Janairun 2010 aka cire ƙanjamau daga cututtukan da ke hana biza. Mai juna biyu ta faɗa wa likita tun a bakin ƙofa, saboda hoton ƙirjin da wasu alluran. Takardar 'yan sanda ta shaidar hali kuma ana neman ta ga duk wanda ya kai shekara 16. Fasfonki ya kasance yana da sauran aƙalla wata shida bayan ranar da kike sa ran shiga ƙasar.

Hoto guda biyu ne, inci biyu tsawo inci biyu faɗi, bayansa fari, ba tabarau. An yarda ki sa hijabinki, da sharaɗin fuskar ta fito duka daga goshi zuwa haɓa. Mai niƙabi ta san za ta buɗe fuska a hoto da wurin tantancewa. Sai lalle. Mun saba duk tafiya sai an yi ƙunshi, amma lalle mai kauri a kan yatsu yakan hana na'ura karanta zanen yatsa. Ki haƙura da shi makonni kafin ranar, kya yi na tarbar maigida daga baya.

Maigida kuma nasa aikin shi ne fom I-864, inda yake ɗaukar nauyinki a gaban gwamnati. Dole ya nuna yana zaune a Amurka, ya kawo takardar harajinsa, kuma samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talaucin da gwamnatinsu ke fitarwa duk shekara gwargwadon yawan iyali. In bai kai ba, an yarda wani ɗan ƙasa ko mai girin kad ya tsaya masa. Mazajen da ke aikin hannu da hannu ba sa rubuta samunsu a haraji, a nan suke tuntuɓe.

Daga 1 ga Janairun 2025 ofishin Legas ya mayar da zuwan sau biyu: na farko ma'aikaci zai duba takardunki na asali, kimanin mako biyu zuwa huɗu kafin ganawar, na biyu kuma ita ce ganawar da jami'in. Ga wadda za ta taso daga Kano ko Sakkwato da muharraminta, wannan kuɗin mota ne ko na jirgi da masauki da ya kamata a yi lissafinsu tun farko. Ofishin yana Victoria Island ne. In danginku a Agege suke, kada ki kwana can a daren ganawa ki dogara da sammako, cunkoson Legas ba ya jin rantsuwa. Ki nemi masauki a kusa, irin su Obalande. Ba dole ne maigida ya halarta ba, ɗan rakiya ma a waje zai tsaya, shi za ki bar wa waya da babbar jaka. Ki jera takardun asali da kwafinsu a fayil ɗaya, ki ci abinci, in da goyo ki tafi da abin da zai isa yini.

Idan an gama, ɗayan uku ne. Ko a riƙe fasfonki a ce an amince, ko a ƙi a gaya miki sashen dokar da aka dogara da shi, ko a miƙo miki takarda mai lamba 221(g). Wannan ta ukun takan sa mata kuka a bakin titi, alhali sau da yawa ma'anarta a kawo wata takarda ce, ko kuwa za su ƙara bincike. Kina da shekara guda ki kai abin da aka nema. Ki karanta ta da kyau, ki ɗauki hotonta ki tura wa maigida a ranar. Kada a sayar da kayan ɗaki, kada a ajiye aiki, kada a sayi tikiti, sai fasfo ya dawo hannunki da biza a ciki, kin kuma duba an rubuta sunanki da ranar haihuwarki daidai.

Bizar ba ta wuce wata shida, wani lokacin ma ƙasa da haka saboda tana bin wa'adin gwajin likita. Akwai kuma dala 235 da ake biyan USCIS domin buga katin, an fi so a biya kafin a tashi. In an ba ki ambulan a liƙe, ba ke za ki buɗe ba, na jami'in filin jirgi ne.

A wurin ganawar za a ba ki wata 'yar takarda da ke bayanin haƙƙin matar da mijinta ke cutar da ita a Amurka. Kada ki karɓa ki cusa a jaka don kina ganin mijinki mutumin kirki ne. Ki karanta, domin za ki je inda babu uwa babu uba, kuma tun 1994 dokarsu ta ba matar da ake zalunta damar neman takardun zamanta da kanta ba tare da sa hannun miji ba. Alƙawarin ɗaukar nauyin da ya sa wa hannu a I-864 ma saki ba ya warware shi. Fasfonki da katinki naki ne, a hannunki za su zauna. Idan kuma aurenku bai cika shekara biyu ba a ranar da kika shiga ƙasar, katin da za a ba ki na shekara biyu ne mai sharaɗi, kuma a cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya ƙare za ku cike fom I-751 tare domin a cire sharaɗin. A nan ma hujjar zaman aure za su sake nema, don haka daga ranar da kika sauka ki sa a rubuta sunanki a takardar hayar gida da asusun banki, ki kuma buɗe sabon fayil ki fara tara rasit.